MAI DUBA MITA BA YA RUBUTA ABIN DA BAI GANI BA

Jawabin da mai shirya harkokin jam'iyya na shiyya ya yi wa wakilan Anka, Gummi da Bukkuyum a garin Gummi

Na san waɗansunku tun asuba suka baro Anka da Bukkuyum, halin hanya kuwa ba sai na faɗa ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yawancinku da alli a hannu kuka san ni, kafin jam'iyya ta ɗora mini wannan kaya. Saboda haka ku yi haƙuri, da darasi zan fara. Darasin kuwa daga kawuna na ɗauko shi, wanda ya yi shekaru yana aikin duba mitar ruwa a wani babban birni.

Ga yadda aikin yake. Da safe a ba shi littafi da sunayen unguwanni, ya ɗauki biro da ɗan tsumma, ya kama hanya a ƙasa. In ya isa gida ya yi sallama, ya tsaya a zaure, don gidan mutane ba a faɗa masa haka nan. Sai an sami yaro ya yi masa iso. Ya durƙusa, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya kori kunama in akwai, ya goge laka daga kan gilashi, ya karanta lamba. Ya ɗebe lambar watan jiya daga ta yau, abin da ya rage shi ne ruwan da gidan ya sha. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, wato jarka 40 mai cin lita 25. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

To, jama'a, ina wahalar take? Wani maigida zai miƙo masa ɗan goro, wai ya rage lamba. Wani abokin aiki zai ce masa, "Malam, zauna gindin bishiya ka ƙiyasta, wa zai sani?" Mafi ciwo kuma, akwai unguwannin da famfo ke yin makonni bai kawo ba. Ran da aka sako ruwa, iskar da ta cika bututu ita ke fara fitowa, tana fito, tana juya mita. Ga takardar biya ta zo, ga randa a bushe. Wa za a zaga? Ba a ganin babban ma'aikaci da ke ofis, kawu ake gani. Ya sha zagi, ya sha jifa, har kare an taɓa sakar masa. Da na tambaye shi me ya hana shi bin sahun masu ƙiyasi, sai ya ce, "Ɗana, abin da idona ya gani shi nika rubutawa. Wanga biro, za a tambaye ni shi gobe kiyama."

Yanzu mu komo gida. In an kawo kawu ƙasarmu yau, aka ce ya duba mita, a gida nawa zai durƙusa? Ku da kanku kun san amsa. Mitarmu ita ce jarkar ɗan garuwa, da guga, da wuyan 'ya'yanmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini lita 20 ne. Gida mai mutum 10 lita 200 ke nan, jarka 8 kullum, kubik mita 6 a wata. Kowane maigida ya buga da kuɗin jarka a unguwarsu, ya ga abin da ke fita daga aljihunsa. Talaka na biyan kuɗin ruwa tun tuni, rasit ne kawai ba a ba shi.

Sa'ad da nake aji, na sha kiran suna ƙarfe takwas in tarar da bencin 'yan mata rabi babu kowa. Suna ina? Suna layin burtsatse. A waɗansu ƙauyuka kuwa, zuwa rafi ya zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, kafin a haifi da yawa daga cikin samarin da ke nan. A 2010, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwa mai tsabta haƙƙin kowane ɗan Adam ne, a shekarar nan gubar dalma ta bayyana a Dareta, Abare, Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Dutsen zinariya ake niƙawa cikin gidaje, ƙurar ta bi ƙasa, wankinsa ya ɓata kududdufai. Babu ma'aikacin da ke zagayawa yana aunawa, sai da kaburbura suka yi yawa. A 2021 amai da gudawa ya ratsa jihar nan. A Agustan 2024 ambaliya ta ci gidaje a nan Gummi. Ruwa har wuya, na sha kuwa ya gagara.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu ta ɗauka, ku rubuta, ku tsare mu da shi:

Na ɗaya, ruwa kafin takarda. Unguwar da famfo bai kawo ba, ba za a kai mata takardar biya ba.

Na biyu, duk inda aka ja bututu a sa mita, a daina ƙiyasi. Famfon unguwa ma a sa masa, a liƙa lissafinsa inda kowa zai gani.

Na uku, 'ya'yanmu da suka gama sakandare su za a horar su duba mita, su kai rahoton yoyo, su ɗebi ruwan rijiyoyi a kai awo, musamman a garuruwan haƙar zinariya.

Na huɗu, a biya su albashi a kan kari. Ma'aikacin da yunwa ta kama, goron maigida zai fi ƙarfinsa.

Wani zai ce, "Malam, ai kowa haka ya ce mana." Gaskiyarka, baba. Don haka ne nake roƙonku ku yi aikin kawu. Duk ɗan takarar da ya zo, har da namu, kada ku tsaya a zaure kuna sauraren fito. Ku ɗaga murfi, ku goge gilashi. Burtsatsen da ya ce ya gina, ku je ku buga, ku ga ko zai kawo. Gani ya kori ji. In an miƙo muku ɗan goro don ku rage lamba, ku tuna atamfa da sabulu ba sa kai wata, wa'adi kuwa shekara huɗu ne.

Kowa ya adana katinsa. Ran zaɓe a fito da wuri, maza da mata, a dangwala, a tsaya har a ƙirga a gaban idonmu. Wakilinmu kuma kada ya sa hannu a kan lambar da bai gani ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu nasara. Wassalamu alaikum.