Jinyar Itacen Inuwa Idan Ɓawonsa Ya Yi Rauni



Maganar da na kawo muku yau ta itacen inuwa ce, irin wanda ke tsakar gida ko bayan ɗaki, watau su maɗaci, da tsamiya, da mangwaro, da dogon yaro. Shi dogon yaron nan asalinsa na ƙasar Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a Borno, yau kuwa ga shi ya game ko'ina. Mutum yakan shekara da shekaru yana renon itace, amma akuya guda ko gatari guda ya isa ya hallaka shi a rani ɗaya, ta wajen ɓata masa ɓawo.

Bari mu fara sanin aikin ɓawo. Ruwan da saiwa ke tsotsa daga ƙasa ta cikin katakon itace yake hawa zuwa ganye. Abincin da ganye ke haɗawa da hasken rana kuwa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Tsakanin ɓawo da katako akwai wani shimfiɗi siriri mai santsi, shi ne ke haifar da sabon ɓawo da sabon katako. Saboda haka idan an kware ɓawo kewaye da gindi duka, an yanke wa saiwa abinci ke nan. Ganye zai zauna kore har wani lokaci, mai gida ya zaci lafiya lau, ashe saiwa tana mutuwa da yunwa. Bayan shekara 1 ko 2 sai a ga itace ya bushe.

To, abu na farko shi ne a auna raunin. A kewaya gindin da igiya, a ninka ta gida 4. Idan faɗin raunin bai kai kashi 1 cikin 4 ba, galibi itacen yakan farfaɗo. Idan ya wuce rabi, yana cikin hatsari ƙwarai. Idan ya kewaye duka, da wuya ya tsira.

Na biyu, idan yau ɗin nan aka yage ɓawon, yana ɗanye, bai rabu da jikin itacen ba, a mai da shi mazauninsa, a ɗaure da tsumma mai tsabta, wataƙila ya kama. Bayan kamar wata 3 a kwance, kada ɗaurin ya shaƙe itacen. Idan kuwa ya riga ya bushe, a sa wuƙa mai kaifi a gyare wanda ya saki kaɗai, kada a shiga cikin mai rai.

Na uku, kada a shafa kome. Mutane sukan shafa taɓo, ko kashin shanu, ko kwalta, ko baƙin mai, suna nufin alheri. Waɗannan abubuwa sukan riƙe laima, su jawo ruɓa, taɓo kuma ya zama mafakar gara. Itace ba ya warkewa kamar fatar mutum. Shi yakan killace wurin daga ciki, sa'an nan sabon ɓawo ya riƙa tasowa daga gefe da gefe kamar leɓe, har ya rufe bakin raunin. Aikin nan na shekaru ne, sai da haƙuri.

Na huɗu, a ƙarfafa itacen. Da rani a ba shi ruwa isasshe sau 1 a mako, a zuba daidai inda inuwar rassa ta ƙare, gama can ƙananan saiwoyi suke. A shimfiɗa busasshen ganye a ƙasa, amma a bar tazarar kamu 1 daga gindi saboda gara. Kada a sare masa ɗanyun rassa a wannan lokaci, don ganyen ne ke ciyar da shi.

Amma rigakafi ya fi magani. A kafa wa dabba turkenta dabam, a kewaye ƙaramin itace da ƙaya. A bar ƙona shara a gindinsa, a bar ɗaura masa waya da buga ƙusa. Maɗaci ya fi shan wuya a hannun masu ɗiban sassaƙe, gama wannan ya sara gabas, wancan ya sara yamma, har saran ya haɗu. Wanda ya zama dole ya ɗiba, ya ɗebi siriri a tsaye, ta gefe guda, ko daga reshe.

Akwai kuma maganar rai. Itacen da ya yi kogo, ko ya tsage, ko manyan rassansa suka bushe, alhali ya sunkuya kan ɗaki, kada a jira iskar farkon damina. A kira malamin daji ya duba, ya faɗi ko a rage shi ko a sare, a dasa wani a madadinsa.

Ina roƙonku, ranku ya daɗe, ku isar da wannan ga dagatai da masu unguwanni, ku kuma malamai ku karanta wa jama'a a wurin taro da ranar kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.