Wa Zai Riƙe Makullin Manhajar Jami'a?



Batun da ke gabanmu ya shafi manhajojin da jami'a ke amfani da su wajen rajistar ɗalibai, adana sakamakon jarrabawa, lissafin kuɗi da tafiyar da laburare. Yawancinsu haya muke yi. Kowace shekara sai an sabunta lasisi, sau da yawa da dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin hayar ya yi tashin gwauron zabi. Abin da ya fi tsadar ciwo shi ne, ba mu da ikon leƙa cikin manhajar, balle mu gyara ta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ƙungiyarmu. ASUU ta shafe shekaru tana jayayya kan IPPIS, har ta samar da UTAS, kafin Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i daga tsarin a Disambar 2023. Asalin rigimar ita ce: tsarin da aka ƙera ba tare da mu ba bai san hutun nazari ba, bai san malamin da ke koyarwa na ziyara ba.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar rubutun gininta a fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba. Moodle, da Martin Dougiamas ya fitar a Ostireliya a 2002, da Koha ta laburare da ta fito daga New Zealand, duk irinta ne.

Sai dai mu yi hattara, domin kyauta ce a lasisi kawai. A 2004 Jami'ar Indiana ta Amurka da wasu takwarorinta suka haɗa kuɗi da ma'aikata suka fara Kuali, don lissafin kuɗin jami'o'i. Sun yi nasara, jami'o'i da dama sun ɗauka. Amma a 2014 aka miƙa ragamar ci gaban aikin ga kamfani mai neman riba, saboda aikin gayya ya gaza saurin da ake buƙata. Waɗannan fa jami'o'i ne masu wadata da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu da ƙwararrunmu na kwamfuta ke ficewa saboda ƙarancin albashi, in mutum guda ne ya san sirrin manhajar, ranar da ya tafi sakamakon ɗalibai ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Saboda haka muna goyon bayan sauyin, bisa sharaɗi. Kuɗin lasisin da za a rage a ware shi a rubuce don ɗaukar ma'aikata da horar da su. A fara da dandalin koyarwa da laburare, a jinkirta albashi har sai an gwada. Muna kuma roƙon wannan taro ya zaɓi wakilai biyu da za su zauna a kwamitin da zai yanke shawarar.