Katakon Kirki da Dajin da Ya Fito



Icen nan da ake kira tik baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga Indiya da Bama yake, aka kawo shi aka dasa, kamar yadda aka yi a gandun Nimbiya, kudancin Jihar Kaduna. Masu sha'awar kujeru suna yabonsa saboda maiƙon da ke cikinsa, wanda ke hana gara da ruwa cin sa. Amma fa wannan maiƙo yana can tsakiyar gungume, inda ya yi duhu. Farin da ke bin ɓawo kuwa abincin gara ne. Ƙaramin ice rabinsa fari ne, saboda haka wanda ya sare shi da wuri ya cuci daji, ya kuma cuci mai saye.

To, mu dawo gida Faskari. Kafintocinmu sun san maɗaci da kawo da madobiya tun kafin su ji sunan tik, kuma hukuncinsu ɗaya ne: a duba duhu da nauyi, a tabbata ya bushe. Madobiya dai an yi ta jidar ta zuwa Sin, har aka sa wa cinikinta takunkumin duniya a 2016. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince dajinmu na Kogo ya shiga cikin gandayen ƙasa.

Saboda haka ina roƙon ma'aikacin da aka ba sayen teburan ofis, kafin ya tambayi kuɗi, ya tambayi inda aka saro icen, a nuna masa takardar izinin ma'aikatar gandun daji.