Ƙwayar Sikila a Gadarif: Me Ya Hana Ta Ɓacewa?



Yau hirarmu a kan gado ce. Ba gadon gona ba, gadon jini.

Kowane mutum yana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Galibi ƙwayar A ce, ko kuma ƙwayar S, ta sikila. Masana kan ƙirga su a gari guda, su ga kashi nawa ne S. Wannan kason ne ma'aunin yawan ƙwayar a cikin al'umma.

Masana na Jami'ar Khartum sun yi irin wannan ƙirga a ƙauyen Koka na Hausawa, nan jihar Gadarif. Ƙwayar S tana nan, kakanni ne suka zo da ita daga yamma.

To, ga tambaya. Ƙwayar da ke jawo ciwon da ke wahalar da yara, me ya hana ta ɓacewa?

Sauro, jama'a. Sauro ne. Mai AS, wato mai A ɗaya da S ɗaya, ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ya rayu, ya yi aure, ya miƙa wa 'ya'yansa ƙwayar. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna haka.

Amma ku lura. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki, ba na fari kaɗai ba. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar ƙwayar, haɗa ta yake yi da 'yar'uwarta.

Iyaye, kafin a kai kuɗin gaisuwa, a je asibiti a gwada jini.