Fitsarin kwance: yaro bai yi da gangan ba

(Jawabin wata ma'aikaciyar lafiya a taron zumuntar mata)

Maganar da na kawo yau ba a cika yin ta a fili ba, sai dai a ga tabarma a shanye bayan ɗaki da sassafe, kowa ya kau da kai. Fitsarin kwance nake nufi.

Cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 suna jiƙa shimfiɗa. A shekara 10 saura kamar 5. Yawancinsu suna dainawa da kansu, kuma abin ya fi yawa ga yara maza. Yana kuma bin jini. Idan uwa ko uba ya yi a yarinta, yara 4 cikin 10 za su yi. Idan dukansu biyu ne, ya haura 7 cikin 10. Saboda haka maigidan da ya ɗauko bulala, ya fara tambayar tsohuwarsa tukuna.

Me ke kawo shi? Wani yaron ƙodarsa tana yin fitsari da yawa da dare. Wani mafitsararsa ba ta iya riƙe da yawa. Sa'an nan ga nauyin barci, mafitsara ta cika amma bai farka ba. Duk cikin ukun nan babu wanda yaro ya zaɓa. Duka ba ya gyara ko ɗaya, haka ma ɗaura masa kwaɗo, ko tara yaran unguwa su bi shi suna kiransa amalala. Na ga yarinyar da ta ƙi zuwa makarantar kwana saboda wannan kunya, alhali ta ci jarrabawa.

Kafin shekara 5 ba ma kiransa ciwo. Amma akwai alamun da ba a zama da su a gida. Idan yaro ya daina har wata 6 sai kuma ya koma, a kawo shi. Idan yana yawan ƙishirwa, yana yawan fitsari dare da rana, yana ramewa, ku kawo shi a ranar, domin yana iya zama ciwon suga, kuma a jikin yaro ba ya jira. Zafin fitsari, zazzaɓi, jiƙa wando da rana, ko minshari mai ƙarfi, duk a zo a duba. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga masu wanka a rafi ko dam, sau da yawa tsargiya ce, kuma tana da magani, praziquantel. Yaro mai sikila kuwa ƙodarsa ba ta iya rage fitsari da dare, kada a hana shi ruwa ko kaɗan, rashin ruwa yana tayar masa da ciwon.

In kun zo asibiti za mu yi tambayoyi da yawa, kada ku gaji. Dare nawa a mako? Sau nawa yake fitsari da rana? Yaya bayan gidansa? Wannan ta ƙarshe mutane sukan yi mamaki, amma bayan gida mai tauri yana danne mafitsara, kuma sau da yawa da an gyara cikin sai shimfiɗa ta bushe. Za mu tambaya ko wani abu ya faru a gida, rasuwa, gudun hijira, ko wani yana cutar yaron. Sai mu auna fitsari. In kun riƙa sa alama a takarda har mako 2 kafin ku zo, kun rage mana rabin aiki.

A gida, yaro ya sha ruwa sosai da rana, kofi 6 zuwa 8. Kunu mai yawa, shayi da lemon kwalba, a bar su da yamma. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. Ku tuna masai yana can bayan gida cikin duhu, babba ma yana shakka, balle yaro. A ajiye masa fo ko bokiti kusa, da tocila. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane. Da safe a yi masa wanka da sabulu kafin makaranta, domin warin ne ke tona masa asiri. Ku yabe shi a kan abin da yake iya yi, kamar tunawa ya yi fitsari kafin barci.

Idan ya kai shekara 7 abin bai ragu ba, akwai magani mai suna desmopressin da ke rage fitsarin dare. Likita ne zai rubuta, kada a saya a kyamis, domin wanda ya sha shi dole ya rage shan ruwa a daren, in ba haka ba yana da haɗari. Mai son mu yi magana a keɓe, ina nan bakin ƙofa bayan an tashi.