Renon Yaro Mai Farfaɗiya: Jawabin Wani Uba a Taron Iyaye na Sabo

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana mazauna Sabon Ibadan, ina yi muku barka da zuwa.

Jama'a, ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne kamar yawancinku. Abin da ya sa na tsaya gabanku yau shi ne autarmu, wadda ta cika shekara 4 bana. Tana wata 6 zazzaɓi ya kama ta da dare, sai jiki ya sandare, idanu suka kakkafe, ta yi ta jijjiga fiye da minti 20. Muka ce taune-taune ne irin na yara, zai wuce. Ashe farawa ke nan.

Mun sha wuya kafin likitan ƙwaƙwalwar yara ya gaya mana sunan ciwon, wato Dravet. Sunan wata likita ce 'yar Faransa da ta fara bayaninsa a 1978. Wata irin farfaɗiya ce mai tsanani, takan fara tun yaro bai shekara ba. A 2001 masana suka gano cewa yawanci matsala ce a wata ƙwayar halitta da ake kira SCN1A, wadda ke taimakawa wajen daidaita saƙonnin ƙwaƙwalwa.

To, a nan ne nake son iyayenmu mata su buɗe kunne. Da aka ji an ce ƙwayar halitta, sai wasu dangina suka ce daga gidan su uwar yarinya aka kwaso, har da masu ba ni shawarar in sallame ta. Alhali likita ya ce a mafi yawan yara canjin sabo ne, a jikin yaron ya fara, uwa ba ta da shi, uba ba shi da shi. Don Allah mu daina kashe aure a kan abin da ba laifin kowa ba ne. Kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta cin abinci a kwano ɗaya.

Idan ciwon ya tashi, a kwantar da yaro a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a duba agogo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko man ja, kada a kara ƙafarsa a wuta. Haɗin nan na fitsarin saniya da ganyen taba da ake bai wa yara a ƙasar nan, guba ne, ya kashe yara. In jijjigar ta kai minti 5, a ba shi maganin gaggawa in likita ya rubuta, a garzaya asibiti. Mu yi addu'a, amma mu yi ta muna kan hanya.

Magani kuwa, ba kowane ne ke dacewa ba. Tegretol na taimakon masu farfaɗiya da yawa, amma yakan tsananta irin wannan. Yarinyarmu Epilim take sha tare da wani. Kada ka ari maganin ɗan maƙwabci, kada kuma ka tsayar da naka ba da sanin likita ba. Zafi na tayar mata da ciwon, don haka ba ma yi mata wanka da ruwan zafi, ba ta wasa cikin rana, zazzaɓi kuma ba ma barinsa ya kwana.

Har yanzu kalmominta ba su wuce goma ba, tafiyarta da ɗan tangaɗi. Amma ran da ta fara cewa "Baba", wallahi na bar rumfa na zauna gida. Sannu ba ta hana zuwa.

Roƙona ga ƙungiya biyu ne. A sami mai mota ɗaya a kowane layi da za a iya buga wa ƙofa cikin dare, a kuma ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin magani. Matan unguwa kuwa, ku riƙa karɓar uwa ko da awa ɗaya ta runtsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.