GININ ƘASA A ƘASAR HAUSA: ILIMIN MAGINA DA MAKOMARSA



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi yadda Bahaushe ya saba gina wa kansa muhalli da hannunsa, da kayan da ya tarar a ƙarƙashin ƙafarsa da bayan garinsa, ba tare da siminti ko ƙarfe ko wutar lantarki ba. Mutane da yawa a yau suna ɗaukar ginin ƙasa a kan alamar talauci, watau abin da mutum ke haƙuri da shi kafin ya sami kuɗin bulo da kwano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, ginin ƙasa ilimi ne mai ƙa'idoji, wanda ke zaune a hannun magina da bakinsu. Wannan ilimi ne ke neman ɓacewa, domin ita ƙasar tana nan ba ta ƙare ba.

Daga tubali zuwa rufi

Magini yakan fara aiki da rani, bayan an kau da amfanin gona. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, sa'an nan a bar ta kwanaki ta ruɓa don ta yi danƙo. Ramukan da aka ɗebi ƙasar su ne kududdufan da ake gani a tsofaffin birane irin su Kano da Katsina da Zariya. Da wannan ƙasa ake dunƙula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Wajen ɗora gini ana jera tubalan a tsaye, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a dakata sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Bango yakan yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, don gindi ya iya ɗaukar nauyin kai.

Rufi ne ke nuna gwanintar magini. Azara, wadda ake faskarowa daga giginya, ita ce ƙashin bayan soro, domin gara ba ta cika yi mata ɓarna ba. Amma azara tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta a fili fiye da ƙafa 6 ko makamancin haka, aka ɗora mata ƙasa, sai ta lanƙwashe. Daga wannan ƙarancin ne hikima ta fito. Magina suka koyi gitta azara a kusurwoyin ɗaki don rage faɗin da za a rufe. Suka kuma koyi fito da ita daga jikin bango hawa-hawa, suna ɗaure ta, suna lulluɓe ta da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. Wannan shi ne bakan gizo, kuma inda bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki ana kiransa ɗaurin guga. A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, a bi da ƙasa, a kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Saura kariya daga ruwan sama. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana gauraya ta da ƙasar yaɓe. Masu hali kuwa sukan yi laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. A nan ya kamata a lura da yadda sana'o'i suka riƙe juna: in marina ta mutu, katsi ya yi wuya, laso ya bi su. Daɓen ƙasa kuma aikin mata ne, suna yinsa da gayya, suna waƙa.

Gida mai ɗaukar nauyin kansa

Gidan da aka gina haka bai dogara da waya ko famfo ba. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, saboda haka da tsakar rana cikin soro yana da sanyi, sai dare ya yi bangon ya saki zafin da ya tara, abin da ke da amfani ƙwarai lokacin hunturu. Da bazara kuwa a kwana a tsakar gida. Ga rijiya, ga randa mai sanyaya ruwa, ga rumbu, ga zaure da ke raba baƙo da cikin gida. Ɗakin bulo mai rufin kwano kishiyar wannan ne: rana na dukansa zafi ya shigo, sai a nemi fanka, fanka kuma sai da wuta. Daɗin daɗawa, masana sun ƙiyasta cewa yin siminti ne ke fitar da kimanin kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa.

Shaidar tarihi

Wanda ke shakkar ƙarkon ƙasa sai ya dubi tarihi. Gidan Rumfa a Kano ya samo asali daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, wanda bakunansa suka zama abin nazari ga masana gini. Har ila yau, a garin Yama cikin jihar Tawa ta Nijar, Falke Barmu ya fara wani masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Inda rauni yake

Duk da haka, ginin ƙasa yana da sharaɗi, watau kulawa ta kowace shekara. Kafin faɗuwar damina dole a duba rufi, a share indararo, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka ruwa ma. Mutanen Jenne a ƙasar Mali sun mai da yaɓen babban masallacinsu bikin shekara, gari duka ke fitowa. A wurare da yawa kuwa gayya ta ja baya, 'ya'yan magina sun koma wasu sana'o'i, giginya mai daɗewa kafin ta ƙosa ana sara ba a dasawa. Wasu kan shafe bangon ƙasa da siminti don su huta da yaɓe, alhali siminti ba ya kama ƙasa sosai, kuma yana tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba.

Al'amarin ya shafi rayuka. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta wa masallata, mutane suka rasu. A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Zinder. A shekarun da aka yi ambaliya, irin 2012 da 2022 da 2024, gidajen ƙasa masu yawa sun faɗi, musamman waɗanda ke cikin kwari ko marasa harsashi mai ƙwari.

Kammalawa

Akwai hanyoyin gyara, kuma an jarraba su. Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da rufin tubali wanda ba ya bukatar itace tun shekarun 1940, aka kuma kawo irin wannan dabara Nijar wajen 1980. Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makaranta a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin don iska ta ratsa, ya kuma ci lambar Pritzker a 2022. A Dandaji ta Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin da aka matse da inji, aka gama a 2018.

Saboda haka aiki uku ke gaban jami'a. Na farko, sashen Hausa ya zauna da tsofaffin magina ya tattara kalmominsu da ma'anoninsu tun suna raye, domin kalma irin laso ko zanko ko tulluwa tana ɗauke da hanyar aiki. Na biyu, sashen zanen gine-gine ya gayyaci magina su koyar, a haɗa saninsu da harsashin dutse da magudanar ruwa. Na uku, hukumomin gandun daji su mai da hankali ga dashen giginya da ɗorawa, tun da wanda zai yi rufi da azarar jikan wanda ya dasa ne.